Antenar Da Ke Kan Ɗakin Dada

Ku da kuke biye da ni, yau sai kun yi haƙuri, ba hirar lalle da ɗinkin biki na zo da ita ba. Wanda kuma yau ya fara faɗowa shafin nan, sunana Hidaya, gidanmu yana Poumpoumré a Garwa, ina karatun mastar a fannin kimiyyar sararin sama a Maruwa, kuma an sa ranar aurena da Mahfuzu bayan damina. Ina son sa. Na faɗa tun da wuri ne don kar ku ji abin da na yi ku ce dama hanyar gudu nake nema.

Ranar Talata da hantsi ina tsakar gida ina tsince shinkafa, ɗaure da zanin Dada da wata tsohuwar rigata ta lokacin lise, wato sakandare, sai na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, ƙarar ƙarfe ta biyo baya. Kafin in jawo gyale sallama ta cika zaure. Maza ne suke shigo da kwanon rufi, wanda nan muke ce wa tol, sabo fil, shuɗi mai ɗaukar ido. A bayansu ga Baba cikin farar jallabiya fuska a washe, ga Baffa Abdelkerim, ƙanin mahaifin Mahfuzu, yana gyara zaman hularsa.

"Hidaya, zo ki ga abin arziki," in ji Baba. "Yaron nan ya ce a sauya mana rufin gida kaf. Daga ɗakin uwarki za a fara."

Na durƙusa na gaida Baffa.

Bari in gaya muku gaskiyar gidanmu. Ɗakin Dada, mahaifiyata ke nan, ya daɗe yana yoyo. Duk damina sai an jera robobi da kwanonin sha, ɗaya kusa da sif, ɗaya a bakin ƙofa, wani lokaci har a kan gado. An toshe da kwalta, an ɗora duwatsu, a banza. Kwanakin baya ciwon gwiwarta ya tashi, Mahfuzu ya shigo duba ta, ya tarar da roba a ƙafar gadonta ruwa yana ɗiga a ciki. Ya yi mata sannu, ya sha folere, wato zoɓo, da na kawo masa, ya tafi. Shi dama tol yake sayarwa a babbar kasuwa, kuma haka halinsa yake, ba ya alkawari, sai dai ki ga abu ya iso.

To a kan ɗakin nan na Dada antenata take.

Wata farar aba ce kamar murfin kwanon tuwo, a kan sandar ƙarfe da aka ɗaure a tsororuwar ɗakin, wayarta ta gangaro zuwa wani akwati a ɗakina. Madam Delphine, malamar da take duba aikina, ita ta ba ni amanarta, aro ce daga wasu abokan aikinta, kuma da ƙarshen daminar nan za a karɓe ta. Ɗakin Dada muka zaɓa saboda ya fi sauran tsawo, kuma shi kaɗai ne darbejiyar maƙwabta ba ta rufe wa sama ba.

Na san za ku tambaya me take yi. Zan faɗa muku yadda na taɓa faɗa wa Dada tana tankaɗe. Can sama, nesa da inda gajimare yake tsayawa, nesa da hanyar jirgi, akwai wani sashe na iska da hasken rana ya cika da ƙwayoyin lantarki. Iyonosfer ake ce masa. Saƙon tauraron ɗan adam, wanda yake nuna wa wayarki inda kike, sai ya ratsa ta nan kafin ya sauko. In wurin yana kwance, saƙon ya iso daidai. In ya motsa, saƙon ya ɗan makara, makarar da ba mai jin ta sai na'ura irin tawa. Manyan guguwowin teku kuwa, siklon, waɗanda kuke gani a labarai suna kwashe gidaje a tsibirai, hadarinsu yana miƙewa sama ya bugi iskar da ke kansa, bugun ya yi ta hawa har ya je can ya kaɗa wurin, kamar yadda ruwan randa yake rawa in an daki gindinta. Wannan masana sun gani. Abin da ni nake bi shi ne, yawancin manyan guguwowin tekun Atlantika ba a teku suke farawa ba. Hadari ne irin namu, mai tasowa daga gabas ta wajen Sudan da Cadi, ya bi ta kanmu ya yi yamma, ya faɗa teku ta wajen Senegal, a can yake girma ya yi suna. Ina so in ga ko tun yana ƙarami a kan Garwa yana taɓa can sama, kuma ko taɓin nasa ya bambanta da na hadarin da zai mutu a hanya.

Bara na'urar ta iso a makare, damina ta wuce ni. Bana ita ce ta ƙarshe. Kuma a safiyar Talatar nan, kafin motar tol ta zo, Madam ta turo min hoton taswira da saƙo: "Babba yana tasowa daga Cadi, ina sa ran zai same ku Alhamis. Ki kula da batir, kar na'ura ta mutu."

Na matsa kusa da shugaban masu aikin, Tahir, yana ta auna bango da ido.

"Malam Tahir, za a iya aikin ba a taɓa ƙarfen can ba?"

Ya ɗaga kai ya kalle shi. "Wancan? Ai shi za mu fara cirewa, ƙanwata. Katakon da yake kai ma ya ruɓe."

"Kuma yaushe za a mayar?"

"In ruwa ya bar mu, sati biyu ko fi."

Ya kamata in yi shiru in jira Baffa ya tafi. Duk yarinyar da aka haifa a Garwa ta san wannan, ba a tanka wa kyautar surukai a gaban surukai. Na sani, amma ɗaya daga cikin masu aikin ya riga ya jingina tsani.

"Baba," na ce, muryata ƙasa-ƙasa, "da za a bar ɗakin Dada zuwa bayan damina."

Baffa ne ya fara yin dariya, irin dariyar manya da ba ta kai ido ba.

"Amarya, rufi ai don damina ake yin sa."

"Haka ne, Baffa. Aikin makaranta ne a kai."

"To," ya ce. Ya dubi Baba, ya dubi agogonsa, ya ce akwai wanda yake jiran sa a kasuwa.

Baba bai yi min magana ba sai da ya raka shi ya dawo. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi min sauƙi.

"Na karɓi abu a gaban mutane, na sa albarka, na yi godiya. Ke kuma kika buɗe baki. Ni na kai ki makarantar nan, Hidaya, ban hana ki komai ba. Amma yau kin sa na rasa inda zan sa fuskata."

Na shige ɗaki na tarar da saƙon Mahfuzu yana jira na.

"Ranki ya daɗe, saƙo ya iso?"

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Ƙarshe na kira shi. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, da wani yana ciniki da Fulatanci.

"Na gode, Allah ya saka da alheri. Amma Mahfuzu, antenata."

"A mayar da ita ɗaya gefen mana. Zan sa Tahir ya kafa miki sabon ƙarfe, wanda ya fi wannan."

"Bishiya ta rufe can. Kuma in aka cire sai an zo daga Maruwa an sake saita ta. Hadarin da nake jira jibi zai zo."

"Wani ba zai zo ba?"

"Irin wannan ba kullum ba ne."

Na ji ya matsa daga cikin hayaniyar.

"Hidaya, ruwa yana zuba a kan gadon mahaifiyarki."

Duk bayanin da nake zubawa a gaban malamai ya gudu ya bar ni.

"Hadje ce ta zaɓi kalar da kanta," ya ci gaba. Hadje mahaifiyarsa ce. "Ta zo shago, abin da ba ta saba ba. In tol ɗin nan ya zauna a ƙasa, kin san abin da za a ce a gidanmu. Za a ce tun ba ki shigo ba kin fara mayar da hannunmu baya."

"Zuwa bayan damina kawai nake roƙo."

"Bon," ya ce. In Mahfuzu ya ce bon, ya gama magana ke nan.

Duk wannan abin Dada tana ɗakinta, ban ji motsinta ba. Sai da masu aiki suka fara hawa tsani na ji ta kira Baba. Labulen ɗakin yana ɗage, ina jin su daga inda nake.

"Malam, ɗakin nan nawa ne ko?"

"Naki ne."

"To ni ban shirya kwashe kayana ba. Ga gwiwa, ga kayan yarinyar nan da nake tarawa a sif, ina zan kai su cikin ruwan nan? A gaya wa mutanen Hadje na gode, useko, Allah ya yi albarka. A jingine min tol ɗin a zaure, in ruwa ya ɗauke a yi."

"Kin san ba don haka kike faɗa ba."

"Haka na faɗa, haka za ka kai."

Masu aiki suka sauko. Aka jera tol a zaure, Baba ya sa takalmi ya fita ko kallon ɗakina bai yi ba.

Na shiga wajenta na same ta tana shafa man zafi a gwiwa, ɗankwalinta ya zame, furfurar gaban kanta a fili. Na zauna a ƙasa na karɓi man.

"Dada, kin gane abin da nake yi da ƙarfen nan kuwa?"

"Ina fa na gane. Kin ce ruwan randa, kin ce tauraro." Ta miƙo min ɗaya ƙafar. "Na dai ga tun da aka kafa shi, da hadari ya haɗu sai ki fito tsakar gida ki tsaya kamar mai jiran baƙo. Ni ban taɓa jiran komai haka ba. Shafa nan, a hankali."

Na sunkuyar da kai ina shafawa don kar ta ga idona.

Laraba ta zo ta wuce Mahfuzu bai kira ba. Na tura masa gaisuwar safe, ya karanta, bai amsa ba. Na tura ta yamma, haka. Baffa ya ji ni da kunnensa, don haka uzurin Dada bai rufe komai ba, kowa ya san bakin wa maganar ta fito. Na yini ina duba batir, ina duba waya, ina tambayar kaina wace irin 'ya ce take barin uwarta a ƙarƙashin yoyo saboda abin da ido ba ya gani. Sai kuma wata zuciyar ta ce, in wata rana aka iya gane guguwa tun tana kanmu, akwai uwayen wasu a bakin teku da za a ce musu su tashi da wuri. Na san wannan tafiya ce mai nisa, wataƙila ma ba ni zan kai ta ba. Kuma in zan faɗi gaskiya, ba don su kaɗai nake yi ba. Ina son in sani ne, son da yake hana ni sukuni.

Alhamis tun azahar gari ya ɗaure, zafi ya yi nauyi, ko ganye ba ya motsi. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin ta wajen kogin Binuwai. Iska ta fara da kwashe ledoji, sannan ta koma kan ƙofofi. Na kwashe shanya a guje, na leƙa Dada na ga ta jera robobinta, na ce mata ina ɗaki, na rufo ƙofa. Wuta ta ɗauke kamar yadda na zata, batir ya karɓa. Baba yana kasuwa, ruwan ya tare shi a can.

Ban taɓa jin ruwa irin wannan a kan rufinmu ba. Ko muryata ba na ji. Na zauna a gaban kwamfuta da hijabin sallata ban cire ba, ina jawo abin da na'ura take tarawa kaɗan-kaɗan ina zana shi. Layin yana tafiya sumul. Na sake jawowa, sumul. Na fara cewa shi ke nan, na ɓata da Baba, na ɓata da Mahfuzu, a kan layi miƙaƙƙe.

Can da ruwan ya daɗe yana zuba, sai layin ya ɗan lanƙwasa. Ya hau, ya sauka. Ya sake hawa, ya sake sauka, tazara kusan ɗaya. Na duba na wani tauraron daban, shi ma ga shi, ya ɗan biyo baya kaɗan, alamar abin tafiya yake yi. Hadarin da yake dukan kwanon gidanmu yana kaɗa wani wuri da ke sama da mu da ɗaruruwan kilomita, kuma ni, 'yar Poumpoumré, ina zaune ina kallo. Na ɗauki hoto na tura wa Madam. Ba a jima ba saƙon muryarta ya shigo.

"Kar mu yi saurin murna, sai mun cire tasirin rana, mun kwatanta da na na'urar da ke Dakar in hadarin ya isa can. Amma Hidaya, wannan abu ne. Ki bar ta tana aiki."

Na yi kuka, na yi dariya, na tashi da gudu in gaya wa Dada.

Ruwan tsakar gida ya kai min idon sawu. Da na ɗaga labulenta, sama na fara gani. Iska ta ɗage tol ɗaya gaba ɗaya, silin ya jiƙe ya ɓarke ya zubo a kan gado. Robobin suna yawo a ƙasa. Dada tana can lungu a kan wata 'yar kujera, ta ɗora ƙafafunta a kan bokitin da ta kifa, ta rungume akwatin atamfofin da take tara min, ta lulluɓe shi da dardumar sallarta. Ita kanta ba abin da ta rufa da shi. Rigarta ta manne a jikinta, leɓenta yana karkarwa.

"Innalillahi. Dada, tun yaushe? Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Na leƙo," ta ce. "Na ga kina aiki."

Ban san lokacin da na durƙusa cikin ruwan ba. Ina ƙoƙarin ɗaga ta ke nan na ji sallama a zaure, da ƙarar moto, wato babur, da aka kashe. Mahfuzu ne, shaddarsa ruwan toka ta jiƙe sharkaf, ba hula, da naɗaɗɗen tampol a kafaɗa da igiya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi rufin, ya dubi gadon, ya dubi Dada. Ni bai dube ni ba.

"Sannu, Dada. Kawo akwatin."

Ya kai akwatin ɗakina, ya dawo muka kama ta tare, shi ta dama ni ta hagu, muka zaunar da ita a kan katifata. Na sauya mata kaya, na lulluɓe ta da bargo, na ɗora ruwan zafi. Kafin in fito ruwan ya tsagaita, shi kuma ya jingina tsanin maƙwabta ya hau.

"Hidaya," ya kira daga sama. "Ina ne iyakar inda zan rufe? Kar in taɓa miki abin."

Na nuna masa da hannu. Ya ja tampol ɗin ya zagaye sandar, ya ɗaure kowane gefe, ya bar antenar a fili. A hankali ya yi aikin, kamar kayan shagonsa yake ɗaurewa. Da ya sauko tafin hannunsa yana jini inda tsohon tol ya yanke shi. Na kawo tsumma, ya karɓa ya naɗe da kansa.

Na raka shi zaure. Ana ta kiran magariba a masallacin unguwa.

"Kin samu abin da kike nema?"

"Na samu."

"Masha Allah." Ya gyara tsumman hannunsa. "Gobe bayan Juma'a Baffa zai zo wajen Baba. Hadje ce ta aiko shi, ba ni ba. Ta ce a ɗaga ranar sai ta sake tunani."

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Na roƙe ta ta bari in tambaye ki abu ɗaya. In na kai mata amsar, zan iya tsayar da Baffa." Sai yanzu ya ɗago ya kalle ni, kuma ba fushi a idonsa, gajiya ce kawai. "Da kin san haka ɗakin zai yi, da kin bari an cire?"

Jama'a, kalma ɗaya ce. E. Ita yake so, ita Hadje take so, kuma rabin zuciyata ita take faɗa da ƙarfi, don hoton Dada a lungun nan ba zai bar ni ba har in mutu. Amma ɗaya rabin yana can gaban kwamfuta yana kallon layin nan, kuma na san in na ce e, da ita za a ɗaura auren, da ita zan zauna a gidansa. Ban taɓa yi wa Mahfuzu ƙarya ba.

Ya jira ni. Wallahi ya jira, har liman ya tayar da salla.

"Ban sani ba," na ce.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya tura moton waje bai tayar ba sai da ya kai bakin layi.

Na koma ciki. Na tarar da Dada ta jawo bargon ta matso gaban kwamfutar, kofin shayi a hannunta, ta ƙura wa allon ido ko ƙiftawa ba ta yi.

"Hidaya, zo ki gani," ta ce. "Abin naki har yanzu yana rawa. Na zauna ina tsare miki shi, ban taɓa komai ba."